Kuɗin Takin Toranke a Kamfanin Notin Jirgi

Ku da kuka shigo wannan aiki kwanan nan, kuna yawan tambayata dalilin da ya sa nake mayar muku da rahoto in ce ku ɗauko shafin ƙarshe ku sa shi a gaba. Na ji ma wasunku na cewa na fiya tsirfa. To, akwai wata rana da ta ƙi fita daga raina, ranar kasuwar Ajingi, da na tsaya a gaban dattawan garinmu na faɗi rabin gaskiya na haɗiye rabi. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi, kuma mutum biyu nake jin haushi: Manajana na wancan lokaci, da ni kaina.

A lokacin ƙaramin mai nazari ne ni a wani kamfanin dillancin hannun jari a Kano, ba a ma tabbatar da ni a aiki ba. Ga wanda bai san sana'ar ba, aikin mai nazari shi ne ya duba kamfani ciki da waje, ya ce ko ya dace mutum ya sa kuɗinsa a ciki. Idan ya rubuta rahoto, sai ya miƙa wa manajan da ke hulɗa da masu saye. Shi manaja la'ada yake ci. Idan an saya ya samu, idan an sayar ya samu, idan an fasa ne kawai yake tashi a tutar babu.

Ni ɗan Toranke ne. A garinmu akwai ƙungiyar manoma da ta girme ni, kuma tana da tsarinta. Da kaka kowa zai kawo abin da ya sawwaƙa, a haɗa a sayi gyaɗa tana araha, a zuba a sito. Da bazara, idan ta yi tsada, a fitar a sayar, a sayo takin zamani mota guda a raba kafin a yi shuka. Shugabanta Kawu Iro ne, ƙanin mahaifiyata, mutumin da ya saya mini takalmin farko da na shiga sakandare da shi. A shekarar da ta gabaci wadda nake ba ku labari, ƙwari sun shiga siton sun yi musu ɓarna, don haka suka fara neman ajiyar da ƙwaro ba ya ci.

Kawu ya je aikin Hajji, kuma kujerarsa ta faɗo daidai fiffiken jirgi. Tun daga Kano har Jidda yana kallon ƙarafan nan suna buɗewa suna rufewa. Da ya dawo, bayan an gama girbi, sai ga shi a ofishinmu da babbar rigarsa.

"Sabi'u," in ji shi, "so nake ka nemo mana kamfanin da ke ƙera kayan gyaran jirgi. Abin da ke ɗaukar jama'a haka ba dare ba rana, dole ya ci kaya."

Kafin in buɗe baki Manaja ya jiyo mu. Ya fito da fara'arsa, ya ja Kawu ofishinsa, ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi. Da suka fito ya miƙo mini sunan wani kamfani na ƙasar waje, cikin waɗanda muke iya saya wa mutane hannun jarinsu daga nan. Ya ce in duba shi cikin mako biyu.

Na duba shi tsakanina da Allah. Kamfanin noti yake ƙerawa, da boris, da bawul, da bututun mai, wasu na jirgin sama, wasu na injinan masana'antu. Na karanta rahotanninsa na shekaru da dama. Na ga ɓangaren jirgi shi ne ƙarfinsa, domin kafin a yarda noti ɗaya ya hau jirgi sai an shafe shekaru ana gwada shi, kuma da zarar an yarda da naka, ba a saurin canza ka. Jirgin kuma duk tsawon rayuwarsa wurinka zai dinga dawowa neman na canji. Bashin da ke kan kamfanin bai fi ƙarfinsa ba. Amma na ga abu uku da ba su kwanta mini ba. Ɓangaren masana'antu ya yi sanyi. Yawancin cinikinsa a hannun manyan maƙeran jirgi biyu yake, idan ɗaya ya yi tari shi ne zai kwana da zazzaɓi. Sannan farashin hannun jarin ya riga ya hau sosai, kowa ya gama jin labarinsa.

A shafin ƙarshe na rubuta hukuncina da manyan baƙi: kamfani ne mai kyau ga wanda zai iya ajiye kuɗinsa ya manta da su shekara biyar ko fiye. Wanda zai buƙaci kuɗinsa cikin watanni, kada ya kusance shi.

Aka sa rana za mu je mu yi wa 'yan ƙungiya bayani a Ajingi, ranar kasuwa, tunda ranar ce kowa ke fitowa. Manaja ya ce in bi shi a motarsa, wai ni ne ɗan gida, sun fi jin maganata. A Gaya muka tsaya shan mai, na jawo kwafin rahoton da aka buga don in sake dubawa. Na juya, na juya, babu shafin ƙarshe. Na duba wani kwafin, shi ma babu. Na ɗauko fom ɗin da ake cike wa mai saye, inda ake tambayar tsawon lokacin da zai bar kuɗinsa, na ga an riga an yi alama a kan dogon zango.

Na ce, "Yallaɓai, shafin ƙarshe bai fito ba. Kuma wannan kuɗin taki ne, kafin damina za su neme shi."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Ƙarya ka rubuta a sauran shafukan?"

"A'a."

"Kamfanin na da kyau ko ba shi da kyau?"

"Yana da kyau, amma..."

"To shi za ka faɗa. Manomi ba ya son amma-amma. Kuma ka tuna takardar tabbatar da kai tana kan teburina."

Ya biya kuɗin mai, ya sayi rake a bakin titi yana sha muna tafiya. Ni kuwa na mayar da kwafin inda na ɗauko shi.

Mun same su a ƙofar siton ƙungiya da ke bakin kasuwar, sun shimfiɗa tabarmi, wasu sun jingine baburansu a jikin katanga. Kawu Iro ne ya fara magana, kuma a nan ne na fahimci abin da ke ransa tun farko.

"Jama'a," in ji shi, "rago yaushe yake tsada? Gab da Layya. Gyaɗa yaushe take tsada? Da bazara. To kayan jirgi yaushe za su yi tsada? Lokacin jigilar alhazai mana! Bana kuwa jigilar za ta zo daidai faɗuwar ruwa. Mu saya yanzu, idan jirage sun fara kwasar alhazai mu sayar, mu sayo takinmu har da rara."

Wurin ya ɗauki "Haka ne, Alhaji! Wallahi haka ne!" Ba wauta ba ce ta sa suka yarda. Duk abin da suka taɓa ajiyewa a rayuwarsu yana da kakarsa yana da bazararsa, kuma lissafin bai taɓa ba su kunya ba sai in ƙwaro ya shiga. Abin da ba su sani ba shi ne notin da ke jikin jirgin alhazan bana an sayar da shi shekaru da suka wuce, kuma masu sa wa hannun jarin nan farashi ba su san watan Zulhajji ya kama ba. Ni na sani. Manaja ma ya sani, amma sai ya tafa hannu ya ce, "Alhaji, ai kai ya kamata a ba kujerata!"

Aka kwashe da dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba, Baba Modu, ma'ajin ƙungiya, dattijon da iyayensa suka zo daga gabas tun kafin a haifi mahaifina. Ya gyara zama ya dube ni, ni kaɗai.

"Ɗana Sabi'u, kai namu ne. Idan ruwa ya sauka, za mu ɗauki abinmu yadda muka ajiye shi?"

Manaja ya yi caraf ya ce, "Baba, kwana biyu zuwa uku kuɗinku na hannunku. Waya kawai za ku yi."

"Ba kai na tambaya ba," in ji Baba Modu.

Na dubi Kawu, fuskarsa cike da alfahari, ɗan 'yar'uwarsa ya zama mai ilimin jirgi. Na dubi Manaja, yana wasa da makullin mota. Sai na ji bakina ya ce, "Baba, na duba kamfanin sosai. Kamfani ne mai kyau."

Iyakar abin da na ce ke nan. Baba Modu ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓi biro ya sa hannu.

Da bazara ta yi nisa, ɗaya daga cikin maƙeran jirgin nan biyu ya ba da sanarwar zai rage yawan jiragen da yake haɗawa na wani lokaci. Abin da ya sa na rubuta shafin da aka cire, shi ya faru. Hannun jarin ya rikito. Aka fara jigilar alhazai, jirage na tashi daga Kano maƙil da mutane, farashin ko gezau. Canjin dala ma bai cece su ba a wannan karon, taki kuwa sai hawa yake yi. Kullum Kawu sai ya kira ni da safe.

"Sabi'u, jiya na ji jirgi biyu sun tashi. Ya motsa?"

Ranar da aka yi ruwan shuka na ce masa, "Kawu, kamfanin lafiyarsa ƙalau. Idan za ku iya jira, zai dawo."

Ya ce, "Mu jira? To zo ka gaya wa dawar ta jira."

Aka sayar da asara. Manaja ya ci la'adarsa ta biyu. Motar takin da ta saba shigowa Toranke a cike, a wannan shekarar a-kori-kura ce ta kawo shi. Wanda ya saba ɗaukar buhu biyu ya koma gida da ɗaya, wasu kuwa da tiya aka auna musu kamar masu sayen gero.

Na je gida a tsakiyar damina. Tun daga hanya nake gane gonakin 'yan ƙungiya, dawarsu gajera, ganyen ya yi ɗorawa-ɗorawa. Na tarar da Baba Modu a gonarsa yana zuba yuriya da murfin kwalba, gindi ɗaya ya zuba, ya tsallake ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi, na fara kame-kame. Ya ɗaga mini hannu.

"Ba ka yi mana ƙarya ba, ɗana. Amma abin da na tambaye ka daban, abin da ka amsa daban. Na lura a ranar. Na ce tunda namu ne, da akwai matsala da ya faɗa."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya ƙarasa ƙona mini rai ya zo bayan kaka. Maƙerin jirgin ya koma aiki, hannun jarin ya farfaɗo, ya wuce inda aka saya musu. Manaja ya shigo taron safe da rahotona a hannu, yana nuna wa ma'aikata, wai ga misalin nazari mai kyau, ga yaron da ya hango abin da wasu ba su hango ba. Har tafi aka yi mini. A ranar na kasa haɗiyewa. Na miƙe na ce, "Yallaɓai, nuna musu shafin ƙarshe. Wanda ka cire. Mutanen da ka saya wa sun sayar tun da ruwan shuka, kuma bana hatsinsu ba zai kai su bazara ba." Ya sha mur ya ce in zauna. Na ƙi zama. Na rubuta wa shugabannin kamfani duk abin da ya faru, har da nawa laifin. Aka ja masa kunne, aka canza masa sashe, shi ke nan. Ba wanda ya mayar wa kowa da buhun dawa ɗaya. Ni kuma aka tabbatar da ni a aiki, da wannan rahoton.

Abin da na koya shi ne nazarin kamfani rabin aikinmu ne. Kuna iya sanin kowane noti da kamfani ke ƙerawa, ku san bashinsa da ribarsa, hasashenku ya fito daidai, kuma ku cuci mutum. Kafin ku buɗe rahoton kowane kamfani, ku tambayi mai kuɗin na mene ne kuɗin nan, kuma yaushe zai neme su. Idan ya yi muku tambaya, ku amsa wadda ya yi, ko da Manaja na tsaye yana kaɗa makulli.

Ƙungiyar ta koma sayen gyaɗa, sun yi wa siton feshi da sabon daɓe. Kawu Iro ya sauka daga shugabanci da kansa. Bai taɓa ɗaga mini murya a kan maganar ba, ko sau ɗaya. Idan na je gida yana amsa gaisuwata, yana sa a kawo mini fura. Sai dai tun daga wannan daminar bai ƙara kirana Sabi'u ba. Yallaɓai yake ce mini.