Gwangwanin da Mai Majigi ya bar mini

Bana shekara goma ke nan da muka binne Mai Majigi a maƙabartar bayan tashar jirgi a Kafanchan. Mu bakwai ne a bakin kabarin, har da fasto da masu haƙa. Bature ne ɗan ƙasar Holan, sunansa na yanka ya gagari harshenmu, shi ya sa muka laƙaba masa sunan aikinsa. Abokina ne. Na daɗe ina jin nauyin faɗar haka a bainar jama'a, amma bana zan faɗa.

Ya zo ƙasarmu bayan yaƙin duniya na biyu, yana gyara injuna, yana kuma yawo ƙauyuka da majigi yana nuna labarin Yusufu da 'yan'uwansa, ni ina fassara. Tun zamanin da fim ba ya magana yake sana'ar a garinsu, har ya yi suna. Abin da bai gaya mana ba, sai da wata nas 'yar ƙasarsu ta ƙi karɓar hannunsa a gaban kowa, shi ne da Jamusawa suka ci ƙasarsu, shi ya riƙa yi musu fim. Ya ɗauki maƙwabtansa Yahudawa a ƙofar gidajensu suna yi masa murmushi don sun san shi, aka haɗa fim ɗin aka nuna su a matsayin annoba. Da aka kwashe su, ba wanda ya dawo. Ya yi zaman kurkuku, ya fito, garinsu ya ƙi shi. Da na tambaye shi, bai yi musu ba, bai kuma kawo hujja ba. Cewa ya yi, "Haka ne, Malam Bulus, ni na yi."

To ni ma ina da nawa. A lokacin sabon baftisma ne a kaina, ga zafin kai, ina ganin kowane tsoho a ƙauyenmu kusa da Samaru Kataf yana cikin duhu, har da Babana, wanda shi ne mai riƙe da kurmin dodo. A wurinmu mace ba ta ganin abin da ake yi a kurmin nan, baƙo ma haka. Na sani domin an shigar da ni tun kafin in san boko. Sai na ce a raina, in aka ɗauki abin a fim aka nuna wa mata a filin makaranta, dodo ya mutu ke nan. Ni na matsa wa Mai Majigi, wata guda ina binsa. Wata safiya bayan girbi na kai shi bayan wani dutse a bakin hanyar kurmin, ni kuma na koma can ƙasa ina gadi. Da kunnena na ji kyamarar tana ƙara, ƙirrr, har tsofaffin suka wuce.

Ba mu taɓa nuna fim ɗin ba. Kullum sai ya ce ba a gama wanke shi ba, ni kuma kafin nan zafin kaina ya fara sanyi. Baba bai ƙara kiran sunana ba har ya rasu da damina mai zuwa. Tun daga nan in na je gida a bakin ƙofa nake gaisuwa, in ajiye gishiri da sabulu, in hau kekena. Da Mai Majigi zai mutu ya bar mini akwatin finafinansa, gwangwanin fim ɗin ranar nan yana ciki, na san shi da jan zaren da aka ɗaure shi da shi. Sau nawa na ɗauko ashana! Amma duk duniya ba wani hoton Baba sai wanda ke cikin gwangwanin nan. Na kasa ƙonawa, na kasa kallo. Saratu matata takan ce, "Malam, wannan akwati ya zama kishiyata a ƙarƙashin gadonka, ka yi masa sadaki mana."

Da Mai Majigi zai tashi yau, ina jin dariya zai yi. Abin da muke kira duhu jiya, yau al'ada ake ce masa, gwamnati na aiko mota a kwashi masu rawa zuwa Kaduna, 'yan talabijin suna binsu da kyamara. Ɗaliban da na hana yin yare a aji su ne ke zuwa da rikoda suna neman tsofaffin waƙoƙi. A cikin wannan guguwa ne wani saurayi daga ma'aikatar al'adu ya same ni a makaranta watan jiya. Ya ji labarin akwatin, yana so a kai Kaduna a nuna wa jama'a. "Baba Hedimasta, dukiyar ƙasa ce," in ji shi, ya ce zai dawo ran Litinin. Ƙanen Baba yana da rai, shi ke riƙe da kurmin yanzu. In abin nan ya fito a talabijin da sunana a kai, ni da 'ya'yana mun gama da ƙauyen nan.

Ran Asabar da rana na ari majigi, na toshe tagogin aji shida da barguna. Na ce Saratu ta zo ta tsaya kusa da ni. Matar da ta shekara goma sha biyar tana shugabancin zumuntar mata, ta san Zabura da ka, sai ta ce, "Ni? Kai dai shiga, ina nan waje ina maka addu'a." Na shiga ni kaɗai, sau uku ina zura fim ɗin yana kucce mini.

Bango ya yi haske. Sai ga ƙasa. Ciyawa, tsakuwa, inuwar dutse. Na jira kyamarar ta ɗago, ba ta ɗago ba. Can sai ƙafafu suka fara wucewa, ƙafafun tsofaffi, ba takalmi, ɗaya bayan ɗaya. Na gane na Baba da yatsan da fartanya ta cire masa. Suka wuce, aka koma ciyawa har fim ɗin ya ƙare yana kaɗa wutsiya. Ashe mutumin nan ƙasa ya sa bakin kyamararsa, ya bar ta tana ƙara don in ji in rabu da shi. Na zauna a bencin yara na yi kuka, na yi dariya, har Saratu ta manta da dodo ta faɗo ajin. Wallahi ban taɓa jin sauƙi irin na ranar ba.

Ba na cewa wannan ya wanke shi. Mutanen da suka yi masa murmushi ba su dawo ba, ba ni ne zan yafe a madadinsu ba. Abin da na sani kawai, an ba shi irin aikin nan karo na biyu, ta hannun abokinsa, ya ƙi. Ranar nan tsohon ɗan kurkuku ya fi ni mai wa'azi sanin abin da ake yi wa mutane da hoto.

Na ba saurayin sauran gwangwanayen, bukukuwa da kasuwar citta ta Kwoi, na riƙe nawa. Washegari na tafi ƙauye, na tsaya inda na saba tsayawa, na gaya wa Baba ƙarami komai. Yana gyaran ƙotar gatari, bai ko ɗago ba.

"Mun gan shi ai," in ji shi. "Bature a bayan dutse, wa zai rasa ganinsa? Mun ga inda ya sa bakin akwatinsa. Babanka har ya gaishe shi da kai. Kai ne dai muka jira ka zo ka faɗa da bakinka."

Ya tura mini kujera da ƙafa.

"Shigo ka zauna, Bulus. Shekara ashirin da wani abu kana tsaye a ƙofar nan, ƙafarka ba ta gaji ba?"