Ranar da Na Ƙone Daula Guda

Ni dai ko akurkin kaji ban taɓa cinna wa wuta ba, amma na taɓa ƙone daula guda da yatsa ɗaya, ina zaune bisa tabarma. Shekarar ce damina ta yi mana gardama, sojoji kuma suka sake karɓar mulki. Muna ji a rediyo suna cewa waɗanda aka tunɓuke su ne mugaye. Na ce to, haka na farko ma suka faɗa. Rumbunanmu dai ba su san an canja shugaba ba.

Ɗiyata ta fari malamar lakwal ce, wato makarantar boko, an turo ta garinmu, tana zaune gidana. Ta je wani horo Maradi ta dawo da ordinatar, wato kwamfuta, irin wadda ake buɗewa kamar littafi, tana cika ta da wutar sola ta lakwal. Don aiki aka ce, amma in ta taso da rana ta sha hura, sai ta shige rumfa ta buɗe wani wasa. Ni kuwa lokacin ban daɗe da gama yaƙi da jahilci ba. Da furfura na shiga aji, don haka duk rubutun da na gani sai na far masa, ko na buhun siminti ne. Na riƙa matsawa kusa da ita ina haɗa baƙaƙen da ke fitowa. Faransanci ne, ni da Hausa aka koya mini. In na karanta da ƙarfi sai ta kife da dariya.

"Inna, don Allah ki bari, kina kashe harshen mutane."

"Su suka fara kashe abinsu. Mi ya sa za su rubuta baƙi bakwai su faɗi uku?"

Da haka na shiga labarin wasan. Wata ƙasa ce ta ƙarya, mai dodanni da dawaki masu fukafukai. A cikinta akwai wata daula ta masu baƙin sulke, waɗanda suka tare kogi suka hana maƙwabta ruwa, suka kwashe musu hatsi, suka kama musu maza. Ɗiyata ita ce jarumar da ke yaƙarsu. Wata uku tana fama, har ta kai ƙofar babban birninsu. Nan wasan ya tsaya ya ba ta zaɓi biyu. Gefe ɗaya hoton wuta, gefe ɗaya hoton hannu a buɗe. Ko ta ƙone su, ko ta yafe musu. In ta danna ɗaya, shi ke nan, babu komawa.

Kwana bakwai ta kasa dannawa.

"Madan," na ce mata, don haka nake kiranta in zan tsokane ta, "mi kike jira? Sa musu wuta mu huta."

"Inna, sarkin da ya tare kogin ya mutu tuni a labarin. Waɗanga jikokinsa ne. Kuma ƙasarsu ce ta fara bushewa, shi ya sa."

"Ƙishirwa ba ta ba ka izinin shanye rabon ɗan maƙwabci ba. Jikokin nan da wane ruwa aka yi musu wankan farko? Ba na satar ba?"

"To jinjiri ya zaɓi ruwan da za a wanke shi?"

"Ke dai lakwal ta lalata ki."

Muna wannan musu ne, amma mu biyu mun san ba masu baƙin sulke ne kaɗai a bakinmu ba. A makon nan mata uku suka zo daga wani gari da ke gabas da mu, tafiyar rabin wuni a jaki. Yunwa ta sa sun cinye irin shibkarsu, ga gajimare ya fara haɗowa. In ruwan farko ya sauka ba su da abin jefawa a rami, shekara ta wuce su. Mu kuwa muna da rumbun tsimi na mata, wanda muka yi wa ƙofa da kwaɗo, muna ware zangarniya masu kyau muna ajiyewa. Iri yana nan, ya ishe mu har da saura. Makullin yana wuyana. Matan garinmu suka ce maganar tawa ce, abin da na yanke shi ne. A wurinmu ba a hana iri, kowa ya sani. Ni na hana. Na ce su je, zan yi shawara, alhali na riga na gama shawarata.

Ga dalilina. Lokacin babban fari, zamanin sojan farko, rijiyarmu ta rufta. Ina matashiya, wannan ɗiyar tana bayana, ko zama ba ta fara ba. Muka kora jakuna mu kusan goma muka nufi garin nan na gabas. Muka tarar sun kewaye rijiyarsu da ƙaya, mazansu na gefe da sanduna, matansu sun tsaya a bakin hanya. Uwar mijina ta durƙusa ta ce ko gora ɗaya a ba mai goyo. Wata doguwar mace mai riƙe da wasakin jan ruwa ta ce babu. Muka juyo da tuluna wofi, rana na tsakar ka. Kafin kwana biyu nonona ya ɗauke. Wata Bafulatana da ke rugar bayan gari ce ta riƙa ba yarinyar nonon akuya har na farfaɗo. Daga baya motocin soja sun kawo jar dawa an raba, an gyara rijiya, duniya ta ci gaba. Ni ban ci gaba ba. Shekara ashirin da wani abu, in na hangi mutanen garin nan a kasuwar Kanan-Bakashe, sai in canja layi.

Ɗiyata ta san labarin, don na sha ba ta shi.

"Inna, ai ni aka hana ruwan, kuma na yafe."

"Ke kina baya kina sharar barci, da yawu a baki. Ni na sha ranar. Kar ki yi kyauta da abin da ba naki ba."

Ta tashi ta shige ɗaki. Tana da irin fushin ubanta, Allah ya jiƙansa, fushin da ya fi zagi ciwo.

Ran nan da la'asar ta tashi yin alwala ta bar ordinatar a buɗe. Ga hoton wuta, ga hoton hannu, suna kallona. Na daɗe ina lura da yadda take jan yatsa bisa ɗan filin nan na ƙasa. Na goge hannuna a zane, na ja ƴar kibiyar, ta gudu, na dawo da ita, ta sake gudu kamar ɗan akuya. Da na samu ta tsaya kan wutar, na yi bisimilla na danna.

Ba zan ɓoye ba, da farko daɗi na ji. Ganuwar ta faɗi, tutocinsu suka kama. Na ce madalla, ku ɗanɗana. Amma wanda ya tsara wasan nan mugu ne, bai tsaya a ganuwa ba. Ya shiga da ni cikin gari. Ga ƴan mutane ƙanana suna gudu da kaya a ka. Ga rumbuna, masu kama da namu, suna ci. Ga wani jaki ɗaure a turke yana zagaya, ba wanda ya tsaya kwance shi. Na riƙa danna ko'ina don in kwance jakin nan, abin bai saurare ni ba. Sai kiɗa ya tashi, rubutu ya riƙa hawa sama, ya ƙare. Ko mutum ɗaya cikinsu bai juyo ya ce mini sun san abin da suka yi ba. Sun mutu ba su faɗa ba, ni kuma na zauna da toka.

Ta fito da buta a hannu ta tsaya.

"Inna! Wata uku!"

"Hannuna ne ya zame."

"Ya zame ya bi ta kan hannu buɗe ya faɗa wuta?"

"To na danna. Kai ni wurin soja."

Ta zauna ta dafe kai. Na zaci kuka za ta yi, sai na ga kafaɗunta na rawa, dariya ce. Ta ce, "To sarauniya, kin huce?"

Na ce ban huce ba, kuma wasanta wasan banza ne. Ta yaya za a ba mutum ƙofa biyu kawai, ko ƙonawa ko yafewa? Ina wurin da za a zaunar da su a tabarma a ce ku faɗi da bakinku? Wanda bai buɗe baki ba, in ka yafe masa ka yi wa iska kyauta, in ka ƙone shi ka ƙone amsarka. Ta ce masu baƙin sulke zane ne, ba su da bakin da ya wuce wanda aka rubuta musu. Sannan ta ɗauki butarta ta ƙara da cewa, "Na gabas kuwa suna da baki." Ta shige salla ta bar ni.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, aka yi sallama. Mace ɗaya ce wannan karon, tsohuwa, ta ranƙwafa, tana jan jaki da buhu wofi a bayansa. Tsufa ya rage mata tsawo amma bai canja mata ido ba. Mai wasakin nan ce. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, don ni ba a yi mini tarbiyyar hana ruwa ba. Ta sha ta ajiye kwanon. Muka gaisa, gida, gajiya, zafi.

"Iya, kin gane ni?"

"Na gane ki. Zane mai shuɗi kika ɗaura ran nan, da jinjira a baya. Shi ya sa na zo da kaina, ban sake turo yara ba."

"Mi ya sa kika hana?"

"Ruwan ya koma laka. Sai mu jira ya taru kafin wasaki ya ɗauko rabi. Na ƙirga bakunan gidana, na ƙirga ku, na ji tsoro."

"Gora ɗaya aka roƙa."

"Gora ɗaya. Na san da shi."

Na jira ta ce in yafe mata. Na ma shirya amsar da zan watsa mata. Ba ta ce ba. Sai na tambaye ta abin da ya fi ci mini rai.

"Da za a maido ranar, za ki ba ni?"

Ɗiyata na bakin ƙofar ɗaki tana yi mini alama da ido in sassauta, na yi kamar ban gani ba.

"Ɗiyar nan," in ji tsohuwar tana dubana, "ba zan yi miki ƙarya don tiyar hatsi ba. Ina so in ce zan ba ki. Ban sani ba. Abin da na sani, zalunci ne, kuma ni na yi shi, ba maza ba. Ni na ce babu. In za ki hana, hana ni. Gonakin can na mutanen da ba a haifa ba ran nan ne."

Da ta yi kuka, ko ta rantse mini da Allah cewa za ta bayar, wallahi da buhunta wofi za ta koma. Na san masu zaƙin baki, na gaji da su tun daga rediyo. Amma macen da yunwa ta kawo ta ƙofata, iri na hannuna, ta ƙi saye da ƙarya, wannan ban san yadda zan kore ta ba. Na tashi na ciro makullin daga wuyana.

Na kira mata biyu suka taya ni. Muka sussuka, muka sheƙe, muka auna hatsi da wake yadda zai ishi gonakin da ta lissafa. Sannan na ɗauko jan garin maganin nan da ake cuɗa iri da shi saboda ƙwari, na zazzaga a kai na cuɗe shi sarai, har hannuna ya rine. Irin da aka yi wa haka ba ya shiga tukunya.

Tsohuwar ta duba ta ce, "Ba ki yarda da mu ba ke nan."

"Da yunwa ce ban yarda ba. Ta ci muku na farko, ba za ta ci nawa ba."

Na shiga ɗakina na ɗebo tiya uku daga abincin gidana, na ƙulle daban a tsumma na ce wannan na tukunya ne, kada a haɗa. Ɗiyata ta zo ta kama buhun muka ɗora wa jakin. Tsohuwar ta tsaya tana kallonta daga sama har ƙasa.

"Wagga ce?"

"Ita ce. Kin ga ba ki kashe ta ba. Malama ce ma, sai dai ba ta jin magana."

Tsohuwar ta kama hannun yarinyar da hannuwanta biyu, bakinta na motsi, ban ji mi take faɗa ba, ban kuma tambaya ba. Da ta kama igiyar jakin ta juyo gare ni.

"To, kin yahe ke nan?"

"Iri na ba ki, Iya. Wancan kuma sai na gani. Tahi, hadari na haɗowa, kar ruwa ya riga ki gida. Kuma ki gaya musu kar su zuba da yawa a rami, na san hannun mutanen gabas."

Ta ce mutanen yamma za su koya musu shibka? Ta ja jakinta tana gunaguni. Na raka ta har bakin gari, muna musu kan zurfin rami.