Alo Kira Ne

Mahaifina ba ya amsa "alo". Tun ranar da na saya masa salula, duk wanda ya buɗe baki da kalmar nan sai ya danna jan madanni, ya mayar da wayar aljihu, ya ci gaba da ban ruwan zogalensa a Jiratawa. Ni na san lagonsa, sallama nake fara yi. Ƴata ce ba ta sani ba, ko ta sani ta ƙi.

Da ta tafi karatu Akra, ranar farko ta kira shi cike da ɗoki, ta ce "halo". Ya kashe. Ta sake kira, ya sake kashewa. Wannan fa yarinyar da yake kira amaryarsa ce, wadda ta girma a bayan kekensa. Sai ta kira ni tana kuka, ta ce ta gama, kada na ƙara ce mata ta neme shi. Taurin kan nasu iri ɗaya ne, ni kuwa a tsakiya kamar jakin da aka ɗora wa kayan mutum biyu.

Abin ya ci mini rai ƙwarai. Tsohon yana ta ramewa, kunnensa ya fara nauyi, kuma duk zuwana sai ya kewaya ya tambaye ni ko ana ruwa a ƙasar da take.

Ingilishi nake koyarwa a wata lakwal, makarantar boko ta Sabon Gari, don haka na ce bari na nemo asalin kalmar na wanke ta. Na bi littattafai. Ashe tun farko ba gaisuwa ba ce. Ihu ne da Turawa ke yi wa wanda ke nesa, har da mai fito a ƙetaren kogi. Da aka ƙirƙiro tarho aka rasa abin da za a fara faɗa, sai aka ɗauko ihun nan. Faransawa suka are shi, mu kuma muka gada.

Na hau kabu-kabu na tafi garkar zogalensa, na zayyana masa duka, ina jin kaina. Ya dafa kwasarsa ta noma ya saurare ni tsaf.

"To kai mushe, malamin boko, mi ka hwaɗa wanda ban hwaɗi ba? Ni mai hito ne da za ta ƙwala mani kira? In gulbi ya cika, haka muka yi ma masu hito da gora ihu. Ba ka tambayar mai gora ya ya kwana."

Na je gyara, na ƙara ɓatawa. Na dawo Maraɗi ina jin haushin littattafan, da shi, da ita, da kamfanin da ya ƙera wayar.

Haka damina ta wuce babu wanda ya kira wani. Rannan na same shi kwance a rumfa, zazzaɓi ya kayar da shi. Ban yi shawara da kowa ba, na tura wa yarinyar saƙo. Can sai wayarsa ta yi ƙara. Na ɗauka na kara masa a kunne.

Ta yi sallama, cikakkiya, har da wabarakatuhu. Na ji ta da kunnena. Ya amsa, fuskarsa ta washe, ya fara "Amaryata, kin manta da mijin..." sai rezon waya ya ɗauke. Muryarta ta tsinke, ta dawo, ta sake tsinkewa.

Tsohon ya yunƙura ya zauna. Ya fizge wayar daga hannuna, ya miƙe yana tangaɗi, ya fita tsakiyar zogale babu takalmi, ya ɗaga murya har maƙwabtan garka suka waiwayo.

"Alo! Alo! Kina jina? Alo!"