Baƙon da ya gyara labarin rijiya

Kyauta mai daddawa na zaune a kasuwar Maigatari, tana sauraron Bappa falke yana ba da labarin aljanar wata tsohuwar rijiya, wadda ta kira makiyayi har ya faɗa ciki. Amma idonta na kan wani baƙo, dogon dattijo busasshe da ya rungume sandarsa. Kowa na matsowa, shi yana kallon ƙasa. A ranta ta ce, wannan ya san abin da ba a faɗa ba.

"Da muryar mace ta kira shi," in ji Bappa.

Baƙon ya girgiza kai. "A'a, malam. Ƙanena ne. Da muryata ta kira shi."

Kyauta ta mai da idonta kan daddawarta. Ba ta ƙara iya kallon bakinsa ba.