Ina Sauran Ɗiyata?

An kai ni ɗakin miji a shekarar da aka raba wa 'yan makaranta tutoci aka ce Turawa sun tafi. Daminar da ta gabace ta kuwa ita ce kogin Kwara ya cika ya shigo har gindin rumbunanmu. Ni ban san lissafin takarda ba, amma waɗannan biyu ba sa ɓace mini.

A lokacin akwai rumfar sikeli a bakin kasuwar garinmu Lolo. Kamfani ya gina ta don sayen gyaɗa da ƙwarar kaɗe, bango na laka, rufi na kwano, ƙasa daɓen siminti. Mu 'yan mata har zuwa muke mu taka shi don sanyinsa kawai. Sikelin faffaɗan ƙarfe ne a ƙasa. A ɗora buhu, malamin awo ya tura ɗan dutsen ƙarfe a kan sanda, ya ɗaga murya ya ce laba kaza.

Goggona, yayar babana, ita ta riƙe ni tun yaye. Mace ce mai jiki, in ta shiga kwalekwale sai an sake wa fasinja zama. Ta taɓa hawa sikelin nan ta haura laba ɗari biyu, kuma ba ta bar kowa ya manta ba. Da bikina ya matso ta tsare ni da fura da nono da tuwon shinkafa, sannan ranar kasuwa ta ja ni rumfar, ta ba malamin goro ta ce, "Auna mani wannan buhun." Ya ce laba ɗari da ɗoriya. Ta juya ga dangin ango da suka zo cin kasuwa.

"Kun dai ji da kunnenku. Haka na ba ku ita."

Maigidana mutumin Dendi ne, ƙauyensu na cikin Dahome, wadda kuke ce wa Benin yanzu. Mu Faransa muke ce mata. Ni na zaɓe shi, kuma na iya zaɓe. A can ma suna da nasu wurin awo, dogon ɗakin ajiyar auduga da suke kira mangaza. Sikelinsu na rataye ne, ƙugiya a jikin gungume, da shimfiɗar buhu mai igiya da ake zuba kaya. Wata rana da aka gama awon auduga, mu amare muka riƙa shiga ana ɗaga mu muna shewa. Da aka zo kaina akawu ya ce hamsin da 'yan kai. Ban ma riƙe abin a raina ba. Wata mai kifi ce ta riƙe, ta kai shi Lolo da ɗuminsa.

Kasuwa ba ta zagayo ba sai ga Goggo da ƙaton kwando na kwashe kayana. Maigidana na jin sallamarta ya haura katanga, don suruki ba ya tsayawa gaban surukarsa balle ya yi musu. Aka bar uwarsa, 'yar siririyar tsohuwa, ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwa. Goggo ko kallon ruwan ba ta yi ba.

"Ɗari da ɗoriya na ba ku. Ina sauran ɗiyata?"

"Yaya, ga ta nan gabanki. Zanen da kika ɗaura mata ma bai kai mata yanzu."

"Ni ba idona na tambaya ba, ƙarfe na tambaya. Ke, tashi ki ɗaure kwanukanki."

Na san halinta. In na bi ta muka ƙetare, ba mai maido ni. Kuma ɗiya mai kunya ba ta buɗe baki gaban wadda ta goya ta ta ce ina son mijina. Sai na fara haɗa kwanuka, kaina a ƙasa, na ce, "Gara ma mu tafi, Goggo. Matan garin nan cewa suke labarin nauyinki ƙari ne, wai iska ce cikin zane." Ba wadda ta ce haka. Ni na ƙera shi nan take, kuma har gobe ina yaba wa kaina.

Ta miƙe. "Ina sikelin nasu yake?"

Rabin gari ya bi mu mangaza. Ta tuɓe takalmi ta zauna cikin shimfiɗar, ƙarti suka ja igiya, gungume ya yi ƙara. Ga Goggo a sama tana juyawa a hankali, fuska a ɗaure, in ta fuskanto mu ta harare mu, in ta wuce mu ga ƙeya. Akawu ya leƙa ya ce, "Saura kaɗan ta cika ɗari."

Surukata ta tafa hannu.

"Yaya, ko ruwanmu ba ki sha ba. Wa ya cinye rabinki?"

Nan akawu ya ce ai su da kilo suke awo, kilo guda kuwa ya fi laba biyu. Goggo daga sama ta ce, "To Turawanku ɓarayi ne, har jikin mutum suna ragewa! Ku sauke ni, 'yan banza!"

Da ƙafarta ta taɓa ƙasa ta matsa mini dantse, ta ji tsoka, ta ce, "Ke zauna, tunda kin saba. Ni ba ni kwana ƙasar da ake raba mutum biyu." An ce tana isa Lolo ko gida ba ta shiga ba, sai da ta hau sikelinmu ta tabbatar ta dawo cikakkiya. Ni kuwa na zauna ɗakina har Allah ya karɓi maigidan, da furfura a kanmu duka.

Rumfar Lolo ta rushe tuntuni, mangaza ma an ce awaki ke kwana ciki. Cikin waɗanda suka ga Goggo a rataye, saura ni, sai ƙanwar maigidana da ke zaune wajen ɗanta a Kamba, sai ɗaya daga cikin masu jan igiyar, wanda har yau yake cewa ranar ya samo ciwon bayansa.