Wasiƙar da ke ƙarshen kaset ɗinmu

Lokacin da nake ƙananan azuzuwan lekwal, wato makarantar boko, kaset ɗaya tak muke da shi a gidanmu na Birni wanda ba na wa'azi ba. Baba ne ya zo da shi tare da manyeto, na'urar da ake saka kaset ta nuna a tele. Kwalinsa ya yage tun kafin ya iso hannunmu, saboda haka ba mu san sunan fim ɗin ba. "Na masu kwale-kwale" muke ce masa.

Labarin wata uwa ne da ƙananan 'ya'yanta biyu da karensu, a wata ƙasa mai duwatsu da sanyi. Babban ɗanta ya tafi neman zinariya, shekara ta zagayo babu labarinsa, sai ta kwashi ƙannensa suka bi kogi nemansa.

Ranar Lahadi bayan la'asar, in akwai wuta, ake fito da tele ƙarƙashin rumfa. Matan lungunmu su shigo da tabarminsu. Da Faransanci ake magana a fim ɗin, yawancinsu kuma ba sa ji, don haka Baba, wanda mushe ne, wato malami, a lekwal ɗin unguwa, yake zama kan kujera gefen tele yana mayar musu da Hausa. In uwar ta yi magana ya siririnta murya, in kare ya yi haushi ya ce, "Wannan kuma kun ji da kanku."

Kowa da ra'ayinsa, kuma ba ya canzawa ko an kalla sau goma. Maƙwabciyarmu mai ƙosai takan ce, "Wannan mata ba ta da hankali, wa ke ɗora 'ya'ya biyu a kan ruwa don neman ɗaya?" Goggonmu ta Hamdara, in ta zo ganin gida, karen ne damuwarta: "Mushe, da gaske a kwano ɗaya suke ci da shi?" Ina gefen Kaka, mahaifiyar Baba, ina riƙe mata mafici.

Kaka ba ta shiga gardamar sai an taɓa uwar. "Ku bar ta," takan ce. "Ba ku san abin da ke cinta ba."

Mun san dalili. Baffa, ƙanen Baba, ya bi motar Agadas zuwa Libiya tun ina goye. Saƙo ɗaya ya aiko daga hanya, daga nan shiru. Shekaru suka yi ta wucewa. Dattawan dangi sun zo har sau biyu suna cewa a yi masa sadaka, a daka gumba a raba kamar yadda ake yi wa mamaci. Kaka ta ce ba a gidanta ba, ɗanta yana nan da ransa. Ɗakinsa ma ita ke share shi kowace Juma'a.

A ƙarshen fim, uwar da yaran suna isa wata bukkar katako. Wani tsoho ya fito ya miƙa mata hula da wasiƙa. Ta buɗe, ana jin muryar ɗan yana karantawa, ta durƙusa tana kuka. A nan Baba yakan gyara zama ya ce, "Ya ce: Inna, ina lafiya. Na wuce gaba, wani gari mai nisa, na sami aiki. Kada ki damu, in sanyi ya wuce zan dawo. Kukan murna take yi." Kaka ta ce, "Alhamdu lillahi," matan su naɗe tabarmi.

Manyeton ya lalace kafin Faransancina ya yi ƙarfi. Na shiga kwalej, na shiga lise, na zama irin ɗalibin da ba ya ɗaga hannu a aji amma kayensa, wato littafin rubutunsa, ba shi da kuskure ko ɗaya. Baba ne ya koya mini haka. In na yi masa fassara na tsallake kalma, sai ya buga tebur da bik ɗinsa na rubutu ya ce, "Abin da aka rubuta za ka faɗa, ba abin da ka so a rubuta ba."

Ina shekara ta biyu a jami'a Baba ya rasu, cikin damina, bayan jinyar kwana tara. Da aka yi sadakar arba'in baƙi suka watse, Kaka ta kira ni ɗakinta. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, an ce komai yana cikin salularku yanzu. Nemo mini na masu kwale-kwale."

Kwana uku ina nema, tunda ban san sunansa ba, sai dai in rubuta abin da na tuna: uwa, kogi, kare, wasiƙa. Da na same shi, kafin in kunna, idona ya sauka kan abin da mutane suka rubuta a ƙasansa. Mutane ne daga ƙasashe da yawa, duk sun kalle shi suna yara. Wani ya ce da kakansa suke kallo. Wata ta ce yanzu ta ga ruwan ma na ƙarya ne, amma ba ta damu ba. Wani ya ce uwar ba ta da hankali, na yi murmushi na tuna mai ƙosai. Sai na ga wata ta rubuta cewa har yau ba ta yafe wa masu fim ɗin ba da suka kashe babban ɗan, wai bai dace a nuna wa yara haka ba. Mutane da yawa sun goyi bayanta.

Na ja fim ɗin zuwa ƙarshe, na saurara sau uku, na rubuta wasiƙar kalma bayan kalma a kayena. A lokacin ne na tuna cewa duk sanda aka zo wurin, hannun Baba yakan kai ga tele ya rage murya.

Ban san abin da zan yi ba. In na faɗi abin da ke ciki, na ƙaryata Baba kwana arba'in da binne shi, na kuma kashe wa Kaka ɗa na biyu. In na faɗi nasa, na yi abin da ya hana ni tun ina yaro. Na ce mata ban samu ba tukuna. Ta ce, "Ƙarya kake, maigida, tun jiya kake kauce wa idona."

Ranar Lahadi bayan la'asar muka zauna ƙarƙashin rumfar, mu biyu. Idonta ya yi rauni, ta riƙe salular dab da fuskarta. Na fara fassara da murya ƙasa-ƙasa. "Ɗaga murya," ta ce. "Ubanka har bakin ƙofa ake jin sa." Da karen ya faɗa ruwa ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar.

Aka iso bukkar. Tsohon ya miƙa hula da wasiƙa. Na dakata da fassara. Sai na ji Kaka tana faɗa a hankali, "Inna, ina lafiya. Na wuce gaba, wani gari mai nisa." Ta kai har ƙarshe ba ta tsallake komai ba. Sannan ta ajiye salular kan cinyarta.

"Haka ubanka ke cewa. Yanzu kai faɗa mini abin da yaron ya ce."

"Kaka..."

"Na haifi tara, na binne biyar. Kana ganin ban san kukan murna ba? Tun ranar farko na gane. Ubanka ne ya raka ƙanensa tasha, shi ya ce mini in bar shi ya tafi. Duk Lahadi yana karanta wasiƙar nan, ni kuma ina cewa alhamdu lillahi don ya iya cin tuwo. Yanzu ba ya nan. Karanta."

Na ɗauko kayen na karanta mata yadda yake. Yaron ya ce zazzaɓi ya kama shi, ya san ba zai ga ƙarshen sanyi ba. Ya ce bai sami zinariya ba. Ya ce a ba ƙanensa hular, kuma kada uwarsa ta zauna jiransa.

Kaka ta saurara har ƙarshe. Aka kira magariba a masallacin lungu, ta miƙo hannu na taimaka mata ta tashi.

Ranar Alhamis ta sa aka jiƙa gero. Ranar Juma'a da safe matan lungu suka daka gumba, aka raba gida-gida, aka faɗi sunan Baffa a cikin addu'a tare da na Baba. Bayan an sauko daga masallaci ta ba ni makullin ɗakin, ta ce in kwashe littattafaina in kai can, tunda sun cika mata rumfa.