Ranar da Na Karɓi Gadi daga Hannun Aljana

Ko da tsufa zai kwashe min komai a ka, har in riƙa neman carbi yana wuyana, ba zai kwashe ranar da na tsaya cikin ruwan Tiga ina ja-in-ja da aljana a kan ƙanena ba.

Shi ne autanmu, ni na goye shi. Iyayenmu na cikin waɗanda dam ya tasa, tsohon garinmu yana can ƙarƙashin ruwa. A sabon matsuguni muka tashi, maza na kamun kifi, mu muna suya. Auta ya ce shi ba a haife shi don ƙarnin kifi ba, soja zai yi. Ya yi ɗin kuwa. Shekara bakwai yana yaƙi a dajin arewa maso gabas, ya dawo mana da ɗingishi da idanun da ba sa rufuwa. Yaron da sai na yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba, shi ne murfin tukunya zai faɗi ka gan shi rub da ciki yana laluben bindigar da babu ita.

Bayan 'yan watanni sai ya tsiri wani hali. Da rana ta take, zai tafi bakin ruwa ya kwanta a tsohon kwalekwalen babanmu da ke ɗaure a gindin giyayya, ya yi barci har la'asar. Da farko har hamdala na yi. Sai na ga mutum yana barci amma yana ƙarewa: wuya ya yi tsawo, wando sai da igiya. Kullum ya dawo sai ya faɗa wanka kamar sabon ango, jikinsa na tashin wani turare da ko a kasuwar Kafin Maiyaƙi ban taɓa jin irinsa ba. Ni ba yarinya ba ce. Na san yadda namijin dare ke addabar mata, na kuma san maza ma akwai aljanun da ke aurensu a mafarki.

Muka kira malamai aka yi ruƙiyya, aka turnuƙe ɗaki da hayaƙi. Wani dattijon Bafillace daga Burumburum ma ya kawo saiwa. Aljanar ta tafi kam, amma kwana ukun da ta yi ba ta nan ko gyangyaɗi Auta bai yi ba, har ya durƙusa yana kuka mu bar masa ita. Abin kunya, duk wannan faɗi-tashi ba wanda ya zauna ya tambaye shi komai, har da ni mai baki.

Wata Alhamis ina gyaran kifi na ce ya zauna. "Auta, wai me take da shi ne? Kyau ne ya ruɗe ka?"

Ya yi 'yar dariya, ta farko tun dawowarsa. "Yaya, kyau kam akwai shi, amma ba shi ba ne. A daji ba ka rintsawa sai wani ya tsaya maka gadi. Wanda yake tsaya min, ni na ɗauko gawarsa a kafaɗa. Tun ranar ba wanda ya sake ce min in kwanta yana nan, sai ita."

Na ce to da malamai suka kore ta, me ya dawo da ita? Ya ce shi ya kira ta. Shi ya ɗora ta a gadi, kuma a ƙa'idarsu ta soja mai gadi ba ya barin wurinsa sai wani ya zo ya karɓe shi. Sannan ya sunkuyar da kai. "Ta ce gobe in bi ta gidanta a ƙarƙashin ruwa. Can zan yi barci ba mai tashi na."

Wuƙar ta suɓuce daga hannuna. Barcin da ba a tashi ai mun san sunansa.

Washegari Juma'a maza duk suka tafi masallaci, shi kuwa ya daɗe da daina shiga taro. Na sauke kasko, na ɗauki taɓarya, na bi bayansa. Har yau ban san me na yi niyyar yi wa aljana da taɓarya ba. Bakin ruwa tsit, ko tsuntsu babu. Ina kallo ya kwanta, ina kallo igiyar ta warware da kanta daga jikin giyayya, jirgin ya fara tafiya ba iska ba mai tuƙi. Sai ga mace zaune a ciki, kan Auta a cinyarta, gashinta ya zuba har cikin ruwa. Kyau dai bai yi ƙarya ba.

Na yar da taɓarya na faɗa ruwa har ƙirji, na cafki igiyar ina Ayatul Kursiyyu. Ina ja, jirgin na ja na. Ƙafata ta fara barin ƙasa, sai maganarsa ta jiya ta faɗo min.

"Baiwar Allah, sannu da aiki," na ce. "Na zo karɓar ki. Je ki huta."

Ta ɗago ta dube ni. Muryarta kamar ana tsiyayar ruwa daga tulu. "Za ki iya? Ba ya barci sai da ido a kansa."

"Ni na goye shi. Tun ba ki san da shi ba nake kallon barcinsa."

"In kika rintsa, nawa ne."

"Ba zan rintsa ba."

Ta daɗe tana kallon fuskarsa. Sannan ta ɗaga kansa a hankali ta ɗora a kan katako, yadda ake sauke jariri don kada ya farka, ta sulale cikin ruwa, ruwan ko motsi bai yi ba. Wallahi duk da tsoron da nake ji sai da ta ba ni tausayi.

Haka na tsaya riƙe da igiya, rana na dukan kaina, hawaye na zuba amma ban yarda na ƙifta da kyau ba. Can ya buɗe ido a firgice. "Yaya? Ke ce?"

Na ce, "Ni ce, ja'iri. Koma ka kwanta, ina nan." Ya koma, har da minshari. A haka masu dawowa daga masallaci suka tarar da mu, suka jawo mu gaɓa.

Daga ranar muka raba gadi a gida, ni da maigidana da 'yan'uwa, kowa da lokacinsa, muka kuma haɗa da likita a Kano. An kusa shekara kafin ya iya barci shi kaɗai. Yanzu ga shi can da mata da 'ya'ya da tumbi, kifin da ya raina shi yake kamawa.

Mun ɓata watanni muna yaƙi da abin da ya kama shi, ba mu tambayi abin da ya rasa ba. Darasin da na ɗauka ke nan: in ka bar naka shi kaɗai da tsoronsa, kada ka yi mamakin wanda zai zo ya taya shi zama.